Makulli a Aljihun Yaya

Mijina sunansa Idris, amma in ka shiga tashar motocin Damagaram ka tambayi Idris, ba wanda zai gane wanda kake nufi. Sai ka ce Ɗanƙarami. Mutum ne da furfura a gemu, ya aurar da ƴarmu Husaina, har an kawo masa jika ya yi masa huɗuba, amma Ɗanƙarami yake amsawa, don da shi yayansa Alhaji Mai Nasara yake kiransa tun suna yara a Dakusa. Ni kaɗai ce a duniya ban taɓa yarda wannan suna ya fito daga bakina ba. Baban Husaina nake ce masa, a ɗaki da tsakar gida.

Tun kafin ya aure ni yake aprantin yayan nasa, wato yaron motarsa. Shi ke ɗaure kaya, shi ke duba mai da ruwa, shi ke kwanciya ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kayan nan, in ta tsaya a daji. Ya iya tuƙi sarai, takardar tuƙinsa ma tana cikin leda a ƙasan akwatina, ko lanƙwasa ba ta yi ba, don ba jandarman da ya taɓa samun dalilin tambayarta.

Shi kuwa Alhaji Mai Nasara, Allah ya yi shi da tumbi da murya. Ya yi hanyar Agadas zuwa Dirku shekaru da dama, wannan ban musa ba. Sai dai duk ranar da ya ba da labarin, tudun rairayin ya ƙara tsawo, ƙishirwar ta ƙara kwana, shi kuma ya ƙara zama shi kaɗai ne namiji a cikin ayarin. "Rairayi ya san ni," haka yake cewa, yana bugun ƙirji, ƴan tasha suna gyaɗa kai don shi ke sayen shayi. Yayan miji ne, saboda haka ba na kama sunansa, ba na haɗa ido da shi, in ya shigo gida har ƙasa nake durƙusawa. Abin da ke cikina game da shi kuwa na bar shi a ciki, sai yau.

Ni na matsa wa Baban Husaina ya nemi motar kansa. Na yi ta yi, damina da rani, har ya gaji ya sayar da gonar gyaɗar da ya gada a Dakusa. Ba shi da wani abin da ya wuce gonar nan a duniya. Shawarar ita ce ya sayi ƴar Toyota mai buɗaɗɗen baya, ya riƙa jigilar mutane da buhuna tsakanin Damagaram da Takeita da Garagumsa ranakun kasuwa, ya zauna a kujerar direba, yara su ce masa maigida. Abin da nake so ke nan in gani kafin in mutu, ba wani abu ba.

Lokacin ba a rufe iyakar Benin ba, ni kuma ina zuwa Kwatano saro atamfa, na san gari. Muka shirya za mu tafi can sayen motar mu biyu. Ana gobe tafiya sai ga Alhaji da jakarsa.

"Yaron nan in na bar shi shi kaɗai, gwangwani za su sayar masa," ya ce.

Na dubi Baban Husaina. Baban Husaina ya dubi ƙasa, ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

A filin sayar da motoci da ke kusa da tashar jiragen ruwa, Baban Husaina ne ya zaɓi motar. Ya buɗe gabanta, ya kasa kunne, ya shiga ƙarƙashi ya fito da baƙin mai a hannun riga, alhali Alhaji na inuwa yana ba wani Bayarabe labarin Dirku. Fara ce, mai ƙofa huɗu. Aka gama takardun duwan, wato kwastan, duk da sunan Idris a kai. Da mai sayar da motar ya miƙo makulli, na ga hannun mijina ya taso, sai wani hannun mai zobba ya riga shi.

"Kawo in ji lafiyar injin," in ji Alhaji.

Ya ji lafiyar injin daga nan har masaukinmu a unguwar Zango. Ya kwana da makullin a aljihun gaban rigarsa. Da dare na ce wa mijina, "Baban Husaina, ka karɓi makullinka."

"Zai ba ni. Ai ba za a ce da babba kawo ba."

"Motarka ce."

"Na sani, Sakina. Ki bari mu fita gari, zai gaji."

Da gari ya waye, maimakon mu kama hanyar arewa, sai Alhaji ya zo da sabon zance. Mai masaukinmu ya ba shi labarin wata hanya da ke bin bakin teku daga Kwatano har garin Wida, wai hanyar masunta, wai Turawa har jirgi suke hawowa don su bi ta. Abin da ya shiga kunnen Alhaji kuwa shi ne, rabinta rairayi ce.

"Mota ba a sanin halinta a kwalta," ya ce. "Yau za ku ga aiki."

Na ce da bango, don ba dama in ce da shi, "Hanyar gida dai ba ta can take ba." Mijina ya yi gaba. Ya buɗe wa yayansa ƙofar direba, ya zagaya ya zauna inda ya saba zama, ni kuma na shiga baya.

To, ga hanyar da ake ta kuranta. Da muka bar gidajen gari da otal-otal ɗin da masu kuɗi ke zama su kalli ruwa, kwalta ta ƙare, muka shiga jan rairayi tsakanin itatuwan kwakwa. Dogaye ne, siraran wuya, duk sun karkata gefe guda, kuma inuwarsu ba ta kai ta gawo ɗaya ba. Hannun hagu teku ce. Duk zuwan da nake yi Kwatano ban taɓa zuwa kusa da ita ba, kasuwa ke kawo ni, ba kallo ba. Ruwa ne iya ganinka, kore a kusa, shuɗi can nesa, yana tasowa fari fat ya faɗi da ƙara, ya koma, ya sake tasowa, ba hutu ba dalili. Ba a sha, ba a ba dabba, ba a ban ruwan albasa da shi. Na tuna yadda muke jera bidon ɗibar ruwa a bakin famfo a unguwar Birni tun asuba in zafi ya yi, na ce lallai an yi ɓarnar ruwa a nan.

Hannun dama kuma wani ruwan ne kwance, shiru, baƙi-baƙi, cike da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye a waje kamar ƙafafun kaza. Balbelu sun yi fari a kansu. Can gaba mata na dafa ƙasa a manyan tukwane suna fitar da gishiri, hayaƙi na tashi daga bukkokin ganyen kwakwa inda ake banda kifi. Muka wuce wani dogon layin mutane, maza da mata, sun kama igiya ɗaya suna jan taru daga cikin teku, suna waƙa, suna ja da baya kaɗan-kaɗan. Iska kuwa mai ɗanɗanon gishiri, ta manne a leɓe, ta sa mayafina ya yi nauyi. Ba zan yi ƙarya ba, wurin yana da kyau irin nasa. Amma kyan da za ka kalla ne ka wuce, ba na wanda ya sayar da gona ba.

Alhaji bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bakinsa bai rufu ba tun da muka taso. Wannan ai ba rairayi ba ne, wannan shimfiɗa ce. Direbobin ƙasar nan da za a kai su bayan Agadas da sun yi kuka. Da ya hangi kwale-kwalen masunta, manya masu fenti ja da rawaya, an jawo su can sama an ajiye gindin kwakwa nesa da ruwa, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na taɓa sitiyari.

"Dubi wahalar banza! Ruwa na can, sun jawo jirgi har nan. Gobe kuma su sake turawa. Ɗanƙarami, ka ga abin da rashin dabara ke yi?"

"Na gani, Yaya."

Sai ya tsaya, ya ce a rage iskar tayu, yadda suke yi a hamada. Mai motar ya fita ya durƙusa ya rage wa motarsa iska. Alhaji ya karya kan mota hagu, muka bar hanya, muka gangara ta tsakanin itatuwa, ta cikin busasshen rairayi mai laushi, har muka sauka kan wani fili mai faɗi, jiƙaƙƙe, mai santsi da tauri kamar daɓen ɗaki. Nan ya saki mota. Ta yi gudu kuwa, ba ƙara ba girgiza, ƙananan ƙaguwa na tarwatsewa suna shiga ramuka. Na ga ƙeyar mijina, na ga yadda hannunsa ke motsi a kan gwiwarsa yana canza giya a iska, tausayi da haushi suka kama ni.

Da Alhaji ya gaji da wasa, ya tsayar da ita a kan jiƙaƙƙen filin nan, gabanta na kallon ruwa. Ya fito ya jingina da ita, ya gyara rawani da baƙin gilashi, ya miƙa wa ƙanensa salula.

"Ɗauke ni. Ka tabbata teku ta fito, mota ta fito."

Aka ɗauke shi ta gaba, aka ɗauke shi ta gefe. Ba wanda ya ce mai motar ma ya tsaya a ɗauka. Ya kulle ta, ya jefa makulli a aljihu, muka hau sama gindin kwakwa inda wata mata ke soya kifi. Ya ci manya biyu da wani tuwon masara mai tsami, ya sha ruwan kwakwa, yana cewa bai kai fura ba. Muka yi azahar. Mijina ya waiwaya ya dubi motar can ƙasa ita kaɗai, ya ce a hankali, "Yaya, ko a hawo da ita nan?"

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, yadda manomi ke yi.

"Ka ga hadari?"

"A'a, Yaya."

"To me zai kawo ruwa? Ka taɓa ganin tafki ya cika ba a yi ruwan sama ba? Kai fa har yanzu yaro ne."

Ya shimfiɗa darduma, ya rufe fuska da gefen rawani, kafin ka ce me ya fara minshari. Mai kifin ta kwashe kayanta ta bi masu jan taru, aka bar mu mu kaɗai.

Ni ma a lokacin ban san teku tana da wannan hali ba. A wurinmu ruwa daga sama yake zuwa, in ba girgije ka kwanta a tsakiyar ƙorama ka yi barcinka. Amma ina da ido. Sawun tayun da muka bari can bakin ruwa, na ga kumfa ta zo ta shafe rabinsa. Can an jima ta zo ta lashi tayun gaba, ta koma. Mijina ma ya gani, don ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Baban Husaina," na ce, "ruwan nan tahowa yake."

"Kamar dai haka."

"Je ka ɗauko makulli."

"Yana barci."

"Ka tashe shi."

Ya tafi. Wallahi da idona na ga wannan abu. Ya je ya tsaya daga wajen ƙafafun yayansa, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ya yi gyaran murya. Ya jira. Ya ce, "Salamu alaikum," da muryar da ko sauro ba za ta kora ba. Ga makullin nan, igiyarsa ta leƙo daga bakin aljihu, tana hawa tana sauka da tumbin Alhaji, tsakaninta da hannun mijina bai fi kamu ɗaya ba. Ya miƙa hannu, ya tsaya, ya janye, ya goge shi a wando. Ya dawo wurina.

"Ba a sa hannu a aljihun babba, Sakina. Sai ka ce ɓarawo."

"Ɓarawon me? Na wa za ka sata?"

"Bari ya ɗan motsa. Yanzu zai farka, la'asar ta kusa."

Sai ya gangara wurin motar da gudu, ya tsaya a gabanta cikin ruwa har idon sawu, ya fara tara rairayi da hannu yana yi mata shinge, kamar mai tare kunyar dankali. Namiji mai jika, yana yi wa teku shinge da tafin hannu, don kada ya tashi yayansa daga barci. Igiyar ruwa ta zo ta share shingen, ta cika masa wando, ta zagaye tayun baya. Da ta koma, na ga gaban motar ya ɗan sunkuya.

Nan kunya ta ƙare mini. Shekara da shekaru ban ɗaga murya gaban mutumin nan ba, ranar na tsaya a kansa na kwarara ihu har da sunansa.

"Mai Nasara! Tashi, ruwa ya ci mota!"

Ya zabura, rawani ya warware. Abin da ya fara yi shi ne ya dube ni, ya ce, "Ni kika kira haka?" Sai da ya ga inda hannuna ke nunawa sannan ya kwasa da gudu, tumbi na gaba yana biye.

Ko a lokacin da an ba mijina makullin, wataƙila da ya fitar da ita a hankali, don ya san lallashin mota. Ya ma miƙa hannu, ya ce, "Yaya, da baya-baya, sannu..." Alhaji ya ture shi ya shiga. Ya ba ta wuta irin ta tudun Dirku. Tayu suka juya, suka watsa laka, suka haƙa wa kansu rami. Ya sa gaba, ya sa baya, ya sake ba ta wuta, kowane juyi tana ƙara zama. Ya leƙo yana ba da umarni, a haƙa nan, a sa ganyen kwakwa can, a kawo itace. Duk abin da mijina ya haƙa, ruwa ya zo ya mayar, ya kuma kwashe na ƙarƙashin taya ya tafi da shi. Rairayin da ya san Alhaji yana can arewa, wannan bai taɓa jin labarinsa ba.

Masu jan taru suka hango, suka taho da gudu da igiyarsu. Mutanen da aka yi wa dariya ɗazu su ne suka shiga ruwa har ƙugu suka ɗaura, suka jeru suna ja da waƙarsu, mijina a cikinsu, ni ma na ɗaure mayafi a ƙugu na kama. Motar ta motsa kamar za ta taso. Sai wata babbar igiyar ruwa ta zo ta hau kanta, ta shiga ta tagar da Alhaji ya bari buɗe, injin ya yi tari ya mutu. Ƙarfen gaban da aka ɗaura wa igiya ya ɓalle, muka zube a rairayi gaba ɗaya. Alhaji ya fito ta taga da ƙyar, ba gilashi, ba takalmi ɗaya, masunta biyu suka riƙo shi kamar buhun gero.

Daga nan sai kallo. Muka koma gindin kwakwa kusa da kwale-kwalen da ke zaune lafiya a busasshiyar ƙasa. Rana ta yi ja, ta sauka kan ruwan, duk teku ta koma kalar manja, tsuntsaye na wucewa a jere. Irin abin da Turawan ke zuwa ɗauka a hoto ke nan. A tsakiyar hoton ga gonar Dakusa kwance a gefenta, ruwa na shiga ta wannan taga yana fita ta waccan. Wani dattijon masunci da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan ya ce in ruwa ya janye da safe za su taimaka a fito da abin da ya saura, amma injin da ya sha gishiri da rairayi sai dai a sayar wa maƙera.

Mijina bai yi kuka ba. Yana tsaye, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na matsa kusa da shi, zuciyata na tafasa, ina jira. Na ce yau dai zai faɗa. Ko kalma ɗaya ce, ko tsaki ne, ko ya dubi mutumin nan ido cikin ido, na yafe gonar, na yafe motar, mu koma gida da wannan.

Alhaji ya gama matse rawaninsa, ya naɗa shi a jiƙe. Ya laluba aljihu, ashe ko da yake fitowa ta taga bai manta ya zaro makulli ba. Ya miƙo makullin, igiyar na ɗigar ruwa.

"Ungo, Ɗanƙarami. Ai motarka ce. In mun koma aka tambaya, sai ka yi wa mutane bayani. Ni dama tun a filin can ban yarda da tayunta ba."

Mijina ya dubi makullin. Ya goge hannuwansa a jiƙaƙƙiyar riga, ya ɗan rusuna, ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Yaya," ya ce.

A motar haya muka koma Damagaram. Alhaji ya samu kujerar gaba kusa da direba, tun kafin mu bar Kwatano ya fara ba shi labarin yadda ya yi kokawa da teku don ceton motar ƙanensa. Mu biyu muna can baya a matse, tsakanin buhunan gari da wata mata mai kaji. Mijina ya rataya makullin a wuya, cikin riga, jifa-jifa yana taɓa shi. Da muka yi nisa ya juyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in yi haƙuri, Yaya ya ce in mun isa zai mayar da shi kan kamiyo, ba za mu rasa abinci ba.

Gwiwarsa ta danne mini zane. Na dube shi, na dubi furfurar nan.

"Matsa, Ɗanƙarami," na ce.

Ya ce, "To," ya matsa.